Mako Biyu, Ba Ragi

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan abincin nan na bakin babban titi ya san hannunta, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Masu girki uku ne a kicin ɗin, amma in an ce Kuku ita kaɗai ake nufi. Mace ce gajera mai kaurin damtse, bayan hannunta duk tabon tartsatsin mai. Ba ta awo. Takan ɗebi gishiri ta watsa a tukunyar da za ta ƙosar da taro, ta juya, ta ɗiga miyar a tafin hannu ta lasa, sannan ta ce a rufe ko ta ce a miƙo mata ƙari. Harshenta ne jarinta, kuma mai gidan abincin, wadda ta ɗauke ta aiki tun tana yarinya har ta zama uwar ɗakinta, ta fi kowa sanin haka.

Abin da masu cin abinci ba su sani ba shi ne mai dafa musu ba ta iya cin rabin abin da take dafawa. Gyambon ciki ya daɗe yana zaune da ita. Yakan taso mata a ƙahon zuci kamar an ajiye garwashi, ta dafe wurin da gwiwar hannu ta ci gaba da juya tukunya. Sau biyu ana gwada ta a asibiti ana cewa wata ƙwayar cuta ce ta yi gida a cikinta, ita ke cin bangon cikin, sau biyu kuma ana haɗa mata magunguna. Na farko ta sha 'yan kwanaki, ciwo ya lafa, ta jefa sauran a aljihun tebur. Na biyu bakinta ya yi ɗaci daidai lokacin da aiki ya yi yawa, uwar ɗaki ta ce ta ɗan dakata, ta dakata, ba ta kuma komawa ba.

Da ciwon ya tashi dawowa karo na uku, bai yi mata sallama ba. Wata rana da hantsi, ana tsakiyar suyar albasa, ta ji ƙasa na juyawa. Ta fita bayan kicin wajen famfo ta yi amai, abin da ya fito baƙi ne kamar garin gawayi. Dogo, mataimakinta, wani magidanci mai sanyin magana, shi ya tare ta kafin kanta ya bugi siminti. Ta kwana biyu a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, aka zura mata wata igiya mai fitila ta maƙogwaro aka leƙa cikin, aka ce jinin gyambon ne ta amayar.

Likitar da ta sallame ta ba ta da wasa. Ta jera kwalaye huɗu a kan tebur, ta nuna su ɗaya bayan ɗaya: ɗaya na rage tsamin ciki, ɗaya na lulluɓe gyambon, biyu na kashe ƙwayar cutar. Ta ce tare za a sha su, safe da rana da yamma da lokacin kwanciya, har mako biyu cur. Ta ce bakinta zai yi ɗaci, za ta ji tashin zuciya, harshenta da bayan gidanta na iya yin baƙi, kada ta firgita. Madara kuma ta nisanta ta da lokacin shan magani. In ta ga ƙuraje ko amai ya ƙi tsayawa, ta dawo, kada ta yanke wa kanta hukunci a gida.

Kuku, wadda ta saba taya kaya a wurin masu kawo nama, ta tambaya ko mako ɗaya ba zai yi ba, tunda ƙwayoyin maganin sun ƙaru. Da ta ga fuskar likitar sai ta ce to ko kwana goma.

“Baiwar Allah, nan ba kasuwa ba ce,” in ji likitar. “Sau biyu kina kashe maciji ba ki sare kansa. Ƙwayar nan ta san magungunan da aka ba ki a baya, ta koyi yadda za ta kauce musu, shi ya sa na canja miki. In kika sake tsayawa a hanya, abin da ya rage mana kaɗan ne. Mako biyu nake so daga gare ki.”

Kuku ta kwashe kwalayen ta zuba a jaka. Ba ta yi alkawari ba, domin ita ba mai yawan alkawari ba ce, amma a hanya ta riƙa tuna baƙin abin da ta gani a bakin famfo.

Ta huta kwana biyu a gida ta koma aiki, a nan ne kuma rigima ta fara. Ciwon ya kwanta, sai dai bakinta ya koma kamar ta kwana tana tsotsar makulli. Ruwa ɗaci, shayi ɗaci, ko miyau ta haɗiye ɗaci. Ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ba ta ji komai ba sai ƙarfe. Ta ƙara gishiri, ta sake lasa, shiru. Ta sake ƙarawa. Kafin azahar faranti sun fara dawowa daga gaba da abinci a ciki, masu kai abinci suna kallon ƙasa. Wani tsohon direba da ya yi shekaru yana cin abinci a wurin ya aiko a tambaya ko Kuku ta yi faɗa da mijinta ne ta huce a kansu.

Da yamma uwar ɗaki ta kira ta ofis. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kantar karɓar kuɗi, da fanka mai ƙara da kujera ɗaya ta baƙo. Uwar ɗakin mace ce doguwa mai son turare, wadda ba ta ɗaga murya sai dai ta rage ta. Ta fara da yi mata sannu, ta tambayi jiki, sannan ta gangaro kan magana. Wani babban kamfani na neman wanda zai riƙa ciyar da ma'aikatansa kullum, kuma wakilansa za su zo ɗanɗana abinci a mako mai zuwa. Shekara biyu tana bin wannan aikin. Ba cewa ta yi a bar magani ba, Allah ya kiyaye. Cewa ta yi a ɗan ajiye shi kwana uku kafin zuwan baƙin, baki ya washe, in sun tafi a ɗora daga inda aka tsaya. Ai magani ba gudu zai yi ba.

Kuku ta saurare ta har ƙarshe, hannunta a naɗe cikin ƙyallen gabanta.

“Ranki ya daɗe, wancan karon ma haka kika ce.”

Uwar ɗaki ta ce ai wancan karon daban, yanzu kuma ga shi ta warke, kowa ya ga ta tsaya da ƙafarta. Kuku ta ce ba warkewa ta yi ba, ciwon ne ya yi lamo. Ta ce za ta tsaya a kan kowace tukunya, za ta nuna wa Dogo komai, shi ya riƙa ɗanɗanawa, amma ƙwaya ɗaya ba za ta tsallake ba. Garin magana uwar ɗaki ta hango cikin bakinta, ta ja da baya a kujera. Harshen ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Kafin gari ya waye labari ya zaga kicin. Masu wanke-wanke suka ce wata muguwar cuta ce ake ɓoyewa, wata ta ce ta taɓa ganin irin haka a jikin wata maƙwabciyarsu, ba ta yi wata ba. Kofin da Kuku ke shan ruwa da shi aka ware shi can gefe. Uwar ɗaki ta san sarai magani ne, domin Kuku ta gaya mata, amma ba ta kashe maganar ba. Sai ma ta ce saboda hankalin ma'aikata da na baƙi ya kwanta, Kuku ta bar bakin murhu har sai ta daina shan abin da ke baƙanta mata baki. In ta ga dama ta zauna a gida. Lissafinta shi ne macen da ta yi shekaru tana mulkin kicin ba za ta jure kwana biyu ba a ba ta ludayi ba.

Washegari Kuku ta riga kowa zuwa. Ta jawo ɗan benci ta ajiye a bakin ƙofar baya, inda ake gyaran kayan miya, ta jawo buhun albasa ta kama ɓarewa. Da lokacin magani ya yi, ba ta shiga lungu ba. Ta shimfiɗa ƙyalle a kan cinya, ta ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya yadda kowa zai ji ƙarar ledar, ta aika a ɗauko mata kofin nan da aka ware, ta haɗiye su tana kallon ƙofar ofis. Wata mai wanke-wanke ta tsaya tana leƙen ta, Kuku ta zaro mata harshen gaba ɗaya. Matar ta saki kwano ta ruga, Dogo ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Tun daga ranar duk wanda ya kalle ta fiye da kima sai ta nuna masa, har abin ya daina ba kowa tsoro.

Ba wai da sauƙi take sha ba. Akwai ranar da warin man suya ya sa ta fita sau uku. Ƙwayoyin manya ne, ɗaya daga ciki in ta taɓa harshe ɗacinta yakan wuni. Tana zaune tana jin Dogo na motsa tukunyarta da ludayinta, tana gane daga ƙarar tafasa kaɗai cewa wuta ta yi yawa, sai ta yi magana daga inda take ba tare da ta ɗago ba, shi kuma ya rage.

A gida ma ba ta samu sarari ba. Yayarta, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta tare a gidan tun ranar da aka kwantar da ita. Yaya ba ta yarda da ƙwaya ba ko ta ciwon kai. Ta ƙirga abin da ƙanwarta ke haɗiya a wuni ta riƙe baki, ta ce wannan ai ko jaki aka ɗura wa sai ya kwanta. Ta zo da wani jiƙo a jarka wanda ta ce shi ya tashi mijin wata ƙawarta. Maigidan Kuku, bakanike ne mai haƙuri da gudun fitina, da farko yana bayan likita. Amma da ya ga matarsa ta rame a wuya, ba ta cin abin kirki, ga baƙin harshe, ga batun aiki da ya ji, sai ya fara cewa ko dai a ɗan sassauta.

Ranar da abin ya kai maƙura, ta dawo daga aiki da la'asar a galabaice, ta yi amai a tsakar gida, ta shiga ɗaki ta kwanta. Da ta farka lokacin magani ya yi, ta laluba jaka ba kwalaye. Ta duba kan tebur, ta duba ƙarƙashin matashi. Ta fito ta tarar da Yaya na tankaɗe a tsakar gida kamar ba ta san komai ba, maigidan kuma na wanke hannu da kananzir a bakin rariya, ya ƙi ɗagowa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta koma ɗaki ta ɗauko mayafi da takalmi. Yaya ta tambaye ta ina za ta a wannan halin. Ta ce kemis za ta, ta sayo wasu, in babu ta wuce asibiti ta gaya wa likita cewa a gidanta aka sace mata magani. In an ɓoye waɗannan ma, gobe ta sake sayowa.

“Ni kike kira ɓarauniya? Ni da na goya ki?” in ji Yaya.

“Yaya, kin goya ni, ban musa ba. Amma ranar da na amayar da jini ba a bayanki nake ba. Cikin nan nawa ne, ni nake kwana da shi.”

Yaya ta fara share hawaye tana cewa ita dai tsoro take ji, haka mahaifinsu ya yi ta fama da ciki har ya tafi. Kuku ta ce ta tuna, kuma ta tuna jarkoki nawa ya shanye. Maganar ta yi nauyi. Maigidan ya goge hannunsa a tsumma, ya je ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ciro ledar magungunan daga ƙarƙashin sifanu ya miƙa mata. Ya ce shi aka ba ajiya, kuma bai kyauta ba. Ta karɓa, ta zauna a kan turmi ta sha a gabansu. Daga baya ta kira asibiti ta faɗi batun aman, aka ce ta riƙa cin wani abu kafin ta sha, in ya ci gaba ta zo. Bai ci gaba ba. Yaya ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana, amma ita ke dafa mata farar shinkafa mai laushi ta ajiye a bakin ƙofa.

Ranar zuwan wakilan kamfani kicin ya kacame tun da sassafe. Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa, gumi har cikin idonsa. Kuku na kan bencinta tana ba da umarni, shi yana ɗanɗanawa yana gaya mata abin da ya ji, amma abin da harshe ya sani ba duka baki ke iya faɗa ba. Dab da za a zuba, uwar ɗaki ta shigo da kanta, ta ɗebo miya a cokali ta nufo bakin ƙofar baya. Ta manta da batun hankalin ma'aikata. Ta miƙa wa Kuku ta ce ta taimaka ta ɗanɗana. Kuku ta karɓa ta sa a baki, ta juya shi, ta haɗiye. Kowa ya zuba mata ido. Da ta so, da ta ce a ƙara wani abu, a ɗauka ta ji. Sai ta ce ba ta jin komai sai ƙarfe, kuma ba za ta yi ƙarya a kan tukunya ba.

Abincin bai ɓaci ba, amma bai kai ba. Wakilan suka ci, suka yi godiya, bayan kwana biyu aka ji sun ba wani gidan. Uwar ɗaki ta sake kiran ta ofis, wannan karon ba sannu. Ta ce ta ɗauke ta tun ba ta iya riƙe wuƙa ba, ta yi mata komai, rana ɗaya da ta nemi alfarma an hana ta. Ta ce daga yau Dogo ne babba, in Kuku na son zama ta zauna a ƙarƙashinsa, kuma ta fito gaban ma'aikata ta ba da haƙuri.

Kuku ta ce zama ƙarƙashin Dogo ba abin kunya ba ne, mutumin kirki ne, kuma ita ta koya masa. Aikin da aka rasa ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Amma haƙuri, ta ce, sai a gaya mata laifin tukuna. Ta kwance ƙyallen gabanta ta ninke shi ta ajiye a kan tebur, ta shiga kicin ta ɗauki wuƙaƙenta guda biyu da ta saya da kanta, ta yi sallama da kowa. Dogo ya biyo ta har titi yana roƙon ta, ta ce ya koma kafin shinkafarsa ta kama.

A gida ta ƙarasa maganin. Kwanakin ƙarshe sun fi mata tsawo, domin ba aiki, ba ciwo, ba abin da zai tuna mata dalilin wahalar sai taurin kanta. Maƙwabta masu zuwa dubiya kowa da shawararsa, har da masu cewa ta je ta durƙusa wa uwar ɗaki tun wuri bai ƙure ba. Ta sha ƙwaya ta ƙarshe ranar da mako biyun ya cika, ta tattara kwalayen da babu komai ciki ta zuba a shara.

Ɗacin bai tafi nan take ba, har ta fara tsoron ko ya zauna ke nan, tsoron da ba ta gaya wa kowa ba. Sai wata safiya tana cin burodi da shayi ta tsaya da tauna. Ta ji ɗan gishirin da ke cikin burodin, ta ji kuma mai gashin ya rage sukari. Ta faɗa a fili, maigidan ya ce to, masu burodin unguwa sun shiga uku.

Likita ta ce ba a gwaji sai an yi wata guda da gama magani, don kada ƙwayar ta ɓuya a ɗauka ta mutu. A cikin watan nan Kuku ta samu aiki a kantin abincin wata masaƙa, wuri mai ƙanƙanta da rufin kwano, inda masu ci ba su san sunan kowa ba, yunwa kawai ke kawo su. Ranar gwaji aka ba ta wani ruwa ta sha, ta hura iska a cikin wata 'yar jaka. Da sakamako ya fito likitar ta duba, ta ce ƙwayar ta tafi. Ta ɗago ta kalle ta, ta tambaya ko da gaske ta shanye duka. Kuku ta ce ta tambayi duk wanda ya san ta, yanzu ba mai iya mantawa.

Bayan 'yan makonni Dogo ya zo masaƙar da rana tsaka, ya tsaya a bakin taga yana murza hula. Ya ce tsofaffin masu cin abinci sun fara raguwa, uwar ɗaki ta ce a gaya mata komai ya wuce, ta dawo bakin aikinta, ba sai ta ba kowa haƙuri ba. Kuku ta zuba masa abinci ta tura masa kujera da ƙafa. Ta tambayi iyalinsa, ta tambayi murhun tsakiya ko an gyara shi. Sai da ya cinye ya sake tayar da maganar.

“Ka gaishe ta da kyau,” ta ce. “Ka ce mata ba na riƙe da ita. Amma da bakinta ta sauke ni, in tana so in dawo, ta san hanyar masaƙa.”

Dogo ya ce ai ta san halin uwar ɗaki, ba za ta zo ba. Kuku ta ce ita ma uwar ɗakin ta san nata. Ƙararrawar tashi cin abinci ta kaɗa, ma'aikata suka fara fitowa da auduga a gashin kansu suna yin layi, ta miƙa wa Dogo ludayi ta ce tunda ya zo ya taya ta zubawa kafin ya tafi.